Kujerun Faisal da 'Yan Garuwan Sama

Tun da abin nan na Jidda ya faru, duk wanda ya wuce ta bakin shagona a unguwar Shisha sai ya tsaya ya ba ni nasa ra'ayin, kuma yawancinku ba ku taɓa riƙe kaset a hannu ba. Kuna cewa fassarar fim ai magana ce kawai, kowa yana da baki, yanzu ma waya tana yi. Kuna cewa sanin fim ɗin da zai ci kasuwa ba wani abu ba ne, a duba yawan masu zancensa a waya, shi ke nan. Na gaji da amsa muku ɗaya bayan ɗaya. Zan rubuta sau guda, wanda ya iya karatun Hausa ya karanta wa wanda bai iya ba.

Faisal ɗan ƙanwata ne. A nan Makka aka haife shi, ya haura talatin, yana da mata da 'ya'ya biyu, Hausarsa kuwa ba ta iya taku uku ba tare da ta dafa Larabci ba. Surukinsa yana da bas biyu masu jigilar alhazai tsakanin Aziziyya da Mina. Idan Haji ya wuce sai a ajiye su suna shan rana, Faisal kuma ya daɗe yana neman abin da zai yi da su don surukin ya san shi ma yana da kai. Ran nan bayan La'asar ya zo, bai ko zauna ba ya sa mini waya a gaban hanci, da wani hoton talla a ciki.

"Ya hali," in ji shi, wato kawu da Larabci, "ka gane waɗannan?"

Na gane su. Sun tsufa, amma su ne. Wani musalsal ne na Turawa, shiri mai dogon zango na sararin samaniya, wanda na fassara wa mutanen unguwar nan shekara ashirin da wani abu da suka wuce. Sunansa na Turanci babu wanda ya taɓa riƙewa. Mu 'Yan Garuwan Sama muke ce masa. Tashar da ke nuna shi ta yanke shi a tsakiya, ba a ƙarasa ba.

"An yi fim ɗinsa," in ji Faisal, "cikakke, na silima. Na kama sala guda a Jidda, ɗakin kallo sukutum, kujera ɗari da ashirin, Asabar ta sama. Bas biyu za su kwashi mutanen Shisha, a je a dawo."

"Ka riga ka kama?"

"Halas, na sa hannu."

"Idan ba su cika ba fa?"

"Duk kujerar da ta kwana babu kowa ni zan biya. Amma za su cika, wallahi. Kai dai ka ɗaukar mini sauti na minti ɗaya da muryar nan taka, in tura wa mutane."

Kun ji. Bai zo tambayata ko abin zai yiwu ba. Ya gama sa hannu, sannan ya tuna yana da kawu mai murya. Na ce masa ba zai wuce mutum ashirin ba. Ya yi dariya, ya shiga murza waya yana nuna mini dubban mutane a ƙasashe daban-daban da suka yi shekaru suna rubuta a dawo musu da shirinsu. Na ce masa waɗannan ma na san su, tun kafin a yi wayar.

A Omdurman na koyi aikin nan, wajen wani mutum da ake kira Usta Jibrin. Na baro Damagaram ina saurayi, na yi shekara biyu a Njamena ina wanke motoci, na bi manyan motoci zuwa Sudan da niyyar Haji, guzuri ya ƙare a hanya kamar yadda ya ƙare wa kakannin da yawa daga cikinku. Silimar da Usta yake aiki ba ta da rufi. Can gaba kusa da allo, inda wuri ya fi araha, akwai benci huɗu da mutanenmu suke zama, shi kuma ya tsaya a gefe yana gaya musu abin da ɗan Indiya yake cewa. Ranar farko na gyara zama zan kalli fim, sai ya kama kafaɗata ya juya ni, bayana ga allo, fuskata ga mutane. Wata guda cur haka na yi. Da na yi ƙorafi ya ce, "Allon ne zai sallame ka, ko su?" Shi ya koya mini in sa ido a kan mai gyaɗa. Idan tana ciniki kafin a fara, daidai ne. Idan tana ciniki a tsakiyar fim, fim ɗin ya mutu, ko da duk kasuwa ta yini tana zancensa.

Daga baya na shiga silima a Alƙahira, inda suke zagin mugun fim kamar yana jinsu. Na shiga a Bombay lokacin da na raka wani ɗan kasuwar turare, na ga mutum yana kallon fim ɗaya sau bakwai saboda waƙa guda, da an gama ta ya tashi ya fita. A Njamena kuwa idan zare ya tsinke, mai majigi sai ya kulle kansa. Harshe daban, ihu daban, amma ban taɓa sauka a garin da yawan surutu a kan fim ya zama yawan masu sayen tikiti ba.

Da na samu zama a Makka babu silima, sai bidiyo a cikin gidaje. Gaban shagona kaset ɗin karatu da wa'azi ne na alhazai. Can ciki akwai ɗaki da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, nan aikin yake: na'urar bidiyo biyu, ɗaya tana juyawa ɗaya tana ɗauka, ƙaramar talabijin, makirfo da na naɗe wa soso, reza da salatif na haɗa zare, auduga da sifirit na goge kan na'ura. Halƙa ɗaya, wato kashi ɗaya na shirin, minti arba'in da biyar ne, amma yini biyu takan ci mini. Sai na kalle ta sau uku ina rubuta wa ya ce me, sannan in kunna makirfo. Kafin in kunna dole in kashe mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, don ƙuginsa yana shiga sauti. Ku da ba ku iya tafiya daga mota zuwa ƙofar gida sai kun yi tsaki, ku ƙiyasta ɗaki a rufe a tsakiyar bazarar Makka, da tawul a wuya, gumi yana ɗiga a kan takarda yana cinye rubutun. Ga masallatai uku a kewaye da ni. Idan ladan ya fara ina tsakiyar magana, wannan yanki ya tashi aiki, sai an dawo daga salla a koma baya. Ni ne kyaftin, ni ne mugu, ni ne tsohuwa, kuma tilas in gama kafin mai maganar ya rufe bakinsa. Bature zai ce kalma biyu ya wuce, Hausa kuwa tana son ta yi gaisuwa tukuna. Sannan kaset ɗin nan cikin iyali zai shiga, uwa da 'ya'ya da suruka a ɗaki ɗaya. Idan namiji ya matsa kusa da mace fiye da kima sai in sa reza. Idan ba ya yankuwa, in ce ai an ɗaura musu aure tun halƙar da ta wuce. Wayarku ta san wannan?

Kaset yana da 'yar taga a gabansa, ta nan ake ganin zare. Duk kaset ɗin da aka dawo mini da shi, kafin in amsa sallama na riga na duba tagar. Mutanenmu ba sa mayar da zare farko, inda suka tsaya nan suke zare kaset. Idan zaren duka ya koma ɓangare ɗaya, an kalla har ƙarshe. Idan ya rabu biyu, an yi barci ko an tashi dafa shayi ba a dawo ba. Mutum zai ce mini, "Kai Ilu, fim ɗin nan ya yi kyau," ni kuwa ina ganin a minti ashirin ya tsaya. Da wannan tagar nake sanin wanda zan yi wa kwafi goma da wanda zan yi wa ɗaya.

'Yan Garuwan Sama bai taɓa dawowa a tsakiya ba. Labarin mutum bakwai ne a cikin wani tsohon jirgi, suna dakon ruwa daga wata duniya zuwa wata. Tasu duniyar ta rufe musu ƙofa saboda takardunsu sun mutu suna kan hanya. Duk tashar da suka je sai a bar su su sauke ruwa, amma ba a barinsu su kwana. Shugabarsu wata dattijuwa ce, matan unguwa suka sa mata Inna Kyaftin. Idan ma'aikacin tasha ya ce su kawo takarda, ni iƙama nake cewa, takardar zama ta ƙasar nan, kuma tsofaffin da suka ratso Chadi da Sudan ba su taɓa neman ƙarin bayani ba. Sai dai ga abin da Faisal bai sani ba: gida goma sha ɗaya ne kacal suke karɓarsa. Fim ɗin Indiya da na kokawa suna zaga gida sittin, saba'in. Waɗannan sha ɗayan su suke kallon kowace halƙa sau uku har zare ya yi fari, su suke tare ni a masallaci da gidan biki, kowannensu da bakin mutum goma. Wanda yake ji daga nesa zai rantse duk Shisha ce. Ina jin abin da na gani a shagona, masu kallo kaɗan surutu da yawa, shi masu tashar talabijin suka gani a ƙasarsu, shi ya sa suka yanke.

Shekarar da aka yanke shi ita ce mafi muni a aikina. Kowane mako nakan ɗauko halƙa daga dishi. Wannan makon na kunna sai na ga wani yana soya kifi. Mako na gaba ma kifi. Na tambayi mutumin da nake sarin kaset a wajensa a Jidda, ya ce ai an daina, ba za a ƙara ba. Halƙar ƙarshe kuwa ta tsaya ne jirgi yana bakin ƙofar duniyarsu, tankin ruwa ya tsage, Inna Kyaftin ta riƙe na'urar magana tana jiran a amsa mata.

Akwai wata Hajiya Ta-Madani, ta girme ni da kusan shekara goma. Ba a yin suna ko biki a unguwar nan sai ita ta tsaya a kan tukwane, kuma abin da ta faɗa a wajen tukunya kafin dare ya shiga kowane gida. Ta zo shago da kanta.

"Ilu, fito da shi."

"Hajiya, babu. Turawan sun daina."

"Sun daina me? Mata tana tsaye a bakin ƙofa?"

"Sun ce masu kallo sun yi kaɗan."

"Mu fa? Ba mutane ba ne? Ka dai kai wa 'yan Aziziyya, su da suke da kuɗin alhazai, mu sai sun gama."

Na rantse mata, ba ta karɓa ba. A wurinta labari ba ya tsayawa sai mai ba da shi ya ga dama, kuma ni ne mai ba da shi, muryata take ji. Ta gaya wa mata su daina karɓar kaset a hannuna har sai na fito da ƙarshen. Cikin wata biyu har masu fim ɗin Indiya, waɗanda ba su san Inna Kyaftin ba, sun ɗauke ƙafa. A shekarar ce kuma faifai ya shigo, samari suna kwafa a kwamfuta suna sayarwa da araha. Na kai ga ina yini ina goge ƙura a kan kaset.

Sai na yi musu ƙarshen da kaina. Kwana huɗu na yi a ɗakin nan da tsofaffin halƙoƙi. Daga ta uku na ciro inda jirgin ya taɓa sauka a wata duniya mai ciyawa. Daga ta biyu na ciro taron mutane suna ɗaga hannu. Daga ta tara na ciro inda Inna Kyaftin ta taɓa kwanciya ciwo. Akwai jana'izar wani a ta shida, na ɗauko ta na yanke duk inda ake nuna hotonsa. Na jera su, na rage sautin Turanci har ya zama kamar iska, na hau da muryata: an buɗe musu ƙofa, an ba su zama, Inna Kyaftin ta taka ƙasarsu ta sha ruwanta, bayan kwana uku ta cika, aka rufe ta a gida. Minti talatin da takwas. Ban taɓa aikin da ya kai wannan wahala ba, kuma ba zan iya nuna shi ga kowa in ce nawa ne ba. Kaset ya zaga gidaje sha ɗaya, ya dawo da zare a ƙarshe. Hajiya ta aiko mini da kwanon waina, mata suka dawo karɓar kaset, shago ya ƙara shekara shida kafin in koma sayar da turare da carbi.

Duk wannan na zaunar da Faisal na gaya masa. Na ce masa mutanen da yake taƙama da su gida sha ɗaya ne, rabinsu sun rasu, sauran kuma sun riga sun binne matar da ke jikin hoton tallan nan riƙe da bindiga.

"Ya hali, wa zai tuna? Shekara ashirin fa. Kuma shabab za su zo, matasa duk suna son fim ɗin sama."

"Shabab ɗin da ba su ga ko halƙa ɗaya ba?"

"Za su gane a ciki."

Na ƙi yin sautin. Da yamma uwarsa ta bugo mini, ta yi minti ashirin tana tuna mini wanda ya riƙa kawo mini abinci lokacin da aka yi mini aikin ido. Na ɗauki sautin.

Bayan kwana huɗu ya dawo yana washe baki, wai mutum casa'in da huɗu sun amsa. Na ce in ga amsar. Duk insha Allah ne, da hoton babban yatsa, da hoton wuta. Na ce ya ajiye waɗannan, ya nemo mini waɗanda suka tambayi ƙarfe nawa bas zai dawo, ko ina za a yi Magariba, ko salar tana da sanyi a zo da mayafi, ko akwai matakala. Mai niyyar zuwa abin da yake tambaya ke nan. Wanda ba zai zo ba shi yake yabo. Ya murza, ya murza, ya ƙirga da yatsa. Tara.

"Tara kake da su," na ce masa.

"Kai dai ya hali ba ka son ci gaba."

Ranar Laraba aka aiko wai Hajiya Ta-Madani tana kirana. Yanzu ta haura tamanin, a keken guragu take, amma bakin yana nan. Na tarar da ita a falo, jikarta Abrar, malamar makaranta ce, tana riƙe mata waya da hoton tallan.

"Ilu, zauna. Wace ce wannan?"

"Inna Kyaftin ce, Hajiya."

"Wadda muka binne?"

"Ita ce."

"To tashi ta yi, ko kuwa?"

Na gaya mata gaskiya, tun daga mai soya kifi har kwana huɗun. Ta kafa mini ido har na fara duba inda na ajiye takalmana.

"Na yi wa matar nan kuka," in ji ta. "Na hana jikokina kunna talabijin ran nan. Har waina na aika maka."

"An aiko, Hajiya."

"Ashe shi ya sa na ga mai gemun nan, wanda ya mutu tun farko, yana cikin masu ɗaga hannu. Na ce da raina ko tagwaye ne."

Wallahi ni ban taɓa lura da mai gemu ba sai ran nan. Na ba ta haƙuri, na ce ai ita ta matsa. Ta ce ita ta ce in fito da shi, ba ta ce in ƙera ba.

"Za mu je Jidda," ta ce. "Ni da duk wanda ka yi wa ƙarya, da 'ya'yan waɗanda suka mutu ba su sani ba. Kai za ka tsaya ka fassara a gaban kowa. Abrar za ta riƙa karanta Larabcin da ke ƙasan allo. Ka ƙara ko kalma ɗaya, ta faɗa."

"Hajiya, silima ba a tsayar da ita, kuma ban taɓa ganin fim ɗin ba."

"Da can da ka yi naka, ka taɓa ganinsa?"

Ranar Asabar Faisal ya kawo bas biyu. Ɗaya ya ɗebe kowa har da sauran wuri. Ya sa na biyun ya jira minti arba'in a bakin masallaci saboda masu insha Allah, ƙarshe ya bi mu a baya babu kowa sai direba. A silima na tsaya a bakin ƙofa na ƙirga, don hannuna ya saba: arba'in da uku. Faisal yana ta roƙon a jinkirta kunnawa, wai wasu suna hanya da motocinsu. Na ce masa babu kowa a hanya, ya ce a kunna.

Da yake salar tamu ce, an rage mana ƙara, Faisal kuma ya ba ni ƙaramar lasifikar da ake jagorantar alhazai da ita a Mina. Ina da shekara saba'in da ɗaya, na tsaya awa biyu a gefen allo, babu takarda, babu komawa baya. Turancin yanzu ma cikin hanci suke yinsa, kuma duk maganar da za a yi sai an yi ta a cikin harbi. Sau biyu Abrar ta gyara mini. Na uku, wani saurayi a fim ɗin ya riƙe hannun wata ya ƙi saki, bakina ya riga ni, na ce an ɗaura musu aure. Abrar ta ce wa kakarta, "Jadda, wannan ƙari ne." Hajiya ta ce, "Wannan bar masa."

Fim ɗin kansa tun a rabin awar farko na san inda ya dosa. An yi shi ne don ya kama taro biyu, bai kama ko ɗaya ba. Taran nan na Faisal, duk matasa ne, ba su san wane ne wane ba, don masu fim ɗin sun ɗauka kowa ya riƙe abin da ya faru shekara ashirin. Tsofaffi kuwa sun zo ganin dakon ruwa da jayayya a bakin tasha, aka ba su wuta da fashe-fashe, ruwa ko kofi ɗaya ba a nuna ba. Wajen minti arba'in na ji ana buɗe jaka, ana miƙa dabino daga layi zuwa layi, wata tana tambayar wata ciwon ƙafarta. Na ci gaba da magana, don an sa ni. A ƙarshe jirgi ya sake zuwa bakin ƙofar nan, ƙofa ta fara buɗewa kamar faɗin tafin hannu, allo ya yi baƙi, aka kunna fitilu.

Hajiya ta sa aka turo ta inda nake.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Hajiya. Sun bar ƙofa ne, idan fim ya samu kasuwa su yi na biyu."

Ta juya ta dubi layukan da babu kowa.

"Zai samu?"

"Ba zai samu ba."

"To a bar ta nan. Kar ka sake ka taɓa mini ita."

Muna fita mai kula da silimar, wani Bamisire, ya tare Faisal ya kama hannunsa, yana tambayarsa ina ya samo jama'a haka. Wai tun da aka sa fim ɗin bai tara mutane kamar namu a zama ɗaya ba, kuma ranar Alhamis za a sauke shi. Ni na ji abin da mutumin yake nufi. Faisal kuwa fuskarsa ta cika da haske kamar an ba shi lambar yabo.

Kujera saba'in da bakwai ya biya. Surukinsa ya karɓe makullan bas ɗin, kuma da Haji ya zo, maimakon ya zauna a ofis yana raba direbobi kamar yadda aka yi masa alkawari, a Mina aka gan shi yana jan ayari da tuta a hannu. Duk da haka har yau yana yawo yana cewa taronsa ne mafi girma da fim ɗin ya samu a Jidda, ku kuma kuna zuwa bakin shagona kuna ce mini tsoho ya yi kuskure, ya ce ashirin ga shi an yi arba'in da uku. Ku je ku tambayi Hajiya nawa ta kawo. Talatin da huɗu ne, kuma ba fim suka je kallo ba, ni suka je su ga an kama. Waɗanda suka je don fim ɗin tara ne. Da na ce masa ashirin, kara na yi masa don ɗan ƙanwata ne.